Ɗaya ga Oktoba a Gaɓar Agger

Wata shida duniyarsa ba ta wuce tsawon igiya ba,
taku biyar gaba, taku biyar baya,
ni a wannan kai, shi a wancan,
kowa na ja, babu mai cewa uffan.

Allon da ke mashigar rairayi bai ɓoye komai ba:
daga Afrilu har Satumba ta ƙare, kare a ɗaure.
Don tsuntsayen da ke kwanci cikin ciyawa,
don 'ya'yan Jamusawa 'yan hutu
da ƙananan bokitansu ja da shuɗi.
Ban yi musu ba.
Shekara arba'in da ɗaya na yi a jirgin kamun kifi,
na san doka ba ta roƙon a so ta.

Karen ma ba nawa ba ne.
Solveig ta shigo da shi cikin aljihun kwat,
ta raɗa masa Sild, sunan kifin da ya gina mana gida,
wai ko zan ji kunyar korarsa.
Shekara tara muna yi wa juna kallon hadarin kaji,
tana tsakiya tana dariya.
Saura kwana uku a mayar da igiya ta rasu.

Sai ga ni ina koyon abin da ban taɓa tambaya ba.
Baƙar leda a aljihun hagu.
Durƙuso a bakin titi, gwiwa na ƙara,
ina kwashe abin da ya ajiye,
ni Ejnar, da ko gaban mai jirgi ban rusuna ba.
Na koyi hanyar dajin karnuka, rabin awa a mota,
mai shinge da ƙofa biyu,
sai ka rufe ta baya kafin ka taɓa ta gaba.
A can kowa ya san sunansa.
Ni kuwa "mijin marigayiya" ne.

Kamma maƙwabciyata ta bar aikin gunduma tuntuni,
gundumar ce ba ta bar bakinta ba.
Ta juya ɗan ƙarfen wuyansa da yatsa, ta karanta,
ta ce, "Doka ta ce sunan mai shi, Ejnar.
Mai shi mai rai."
Na ce na ji.
Na je na sa an zana sabo, har da lambar wayata.
Yana durowa tun Yuni,
kusa da tabaran da babu mai sa shi.

Yau ɗaya ga wata.
Baƙi sun watse, an buga wa shagon askirim katako,
iskar yamma na zuba gishiri a leɓe.
Daga nan har inda ido ya gaji
babu kowa sai mu da kumfa.
Yatsuna sun ƙage, da ƙyar na ɓalle ƙugiyar.

Bai motsa ba.

Ya dubi teku, ya dube ni, kunne a miƙe.
Sai can na gane.
Ita takan sa yatsa biyu a baki,
fito ɗaya, ya ɓace kamar an harba shi.
Na sa nawa yatsun.
Haƙoran roba ne da ni,
iska ce kawai ta fita, da ɗan yawu.
Na sake. Na kuma sakewa.
Wani tsuntsun teku ya yi mini dariya daga kan dutse,
ban ga laifinsa ba.

Na ce, "To je ka mana. An yarda. Allo ya yarda."
Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, don ladabi.

Sai na naɗe igiyar na cusa a aljihu, na kama tafiya.
Ya biyo, ya wuce ni, ya tsaya daidai inda ya saba,
taku biyar, ba ƙari.
Haka muka bi gaɓar har bakin shingen duwatsu,
babu komai tsakaninmu,
sai sunanta da ke kaɗawa a wuyansa
duk sanda ya waiwayo.